Kwaskwarimar wasannin kwamfuta: daga ina mai koyo a Nima da Maamobi zai fara?

A gidajen wasan bidiyo na Nima da Maamobi da Tudu, a birnin Accra, ƙwallon ƙafa ce ke cin kasuwa. Sai dai duk wanda ya buɗe FIFA ko PES kamar yadda kamfani ya fitar da su, ba zai ga gasar Firimiya ta Ghana a ciki ba. Babu Hearts of Oak, babu Asante Kotoko. Haka kuma wasan da aka haɗa a 2020 bai da labarin cewa Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya bar Ajax zuwa West Ham a 2023, balle komawarsa Tottenham a 2025. In aka ga waɗannan a kan allo, to wani ne ya sa hannu ya ƙara su. Abin da ya ƙara ɗin shi ake kira mod, wato kwaskwarimar da mai wasa ke yi wa wasa da kansa, ko dai ya sauya hoto ko sauti, ko ya ƙara mota ko taswira, ko ya taɓa dokokin wasan.

Al'adar ta daɗe. Kamfanin id Software na Amurka, da ya fitar da Doom a 1993, ya ware hotuna da taswirori da sauti a fayil ɗin da ake kira WAD, daban da injin wasan, abin da ya ba mutane damar sauya su ba tare da rusa komai ba. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin kwaskwarimar Half-Life da Minh Le da Jess Cliffe suka yi, kafin kamfanin Valve ya saye shi. Shi ma Dota taswira ce da aka ƙirƙira a cikin Warcraft III a 2003. Amma mai farawa bai kamata ya ɗora ido a kan waɗannan ba. Aikinsa na farko ƙarami ne, kuma wanda za a iya warwarewa in ya ɓaci.

Wane wasa?

Ƙarfin na'ura ne ke yanke wannan hukunci. Kwamfutocin da matasan zango suka fi samu na hannu ne, irin waɗanda ake sayarwa a kewayen Kwame Nkrumah Circle da Tip Toe Lane, kuma da yawansu ba sa ɗaukar sababbin wasanni. Wannan ba asara ba ce, domin tsofaffin wasanni ne suka fi tarin kayan aiki da bayanai. GTA San Andreas na 2004 yana tafiya a kusan kowace kwamfuta. Euro Truck Simulator 2, wanda kamfanin SCS Software na Jamhuriyar Czech ya fitar a 2012, shi kamfanin da kansa ne ya buɗe ƙofa, ya sa wurin kunna mod da kashe shi a cikin wasan, ya kuma ba da kayan aiki kyauta. PES 2017 da PES 2021 suna da sashen gyara da ke ba da damar sauya sunan ƙungiya da 'yan wasa. Da Konami ya koma eFootball a 2021, wanda ya fi dogara da intanet kuma ya taƙaita gyaran, masu kwaskwarima da yawa sun tsaya a kan tsohon.

Wanda waya kawai yake da ita ma yana da hanya. Bus Simulator Indonesia na kamfanin Maleo yana barin mutum ya ɗora fentin da ya zana a jikin bas, Dream League Soccer kuma yana karɓar riga da tambarin ƙungiya. Duka biyun hoto ne kawai ake sauyawa, kuma babu makarantar farko da ta fi wannan.

Kafin a taɓa komai

Abu na farko shi ne kwafi. A kwafe fayil ɗin da za a sauya, da kuma inda wasan ke adana ci gaban mai wasa, a ajiye su a filash ko a wata folda dabam. A GTA San Andreas, alal misali, motoci da gine-gine da yawa suna cikin fayil guda mai suna gta3.img. In ya lalace, ko saboda kuskure ko saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi, wanda mutanen Accra da suka sha dumsor ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa, to sai an sake girka wasan. Shi ya sa ake amfani da Mod Loader, wata ƙaramar manhaja da ke karanta mod daga folda ta daban, ta bar fayilolin asali yadda suke.

Na biyu, a duba lambar zubin wasan. Mafi yawan kukan da masu farawa ke yi cewa mod ya ƙi aiki, daga nan yake. Mod da aka yi wa wani zubi na Euro Truck Simulator 2 yana iya rufe wasan in an sa shi a wani zubin. Lambar tana fitowa a allon farko na wasan, mai mod kuma yakan rubuta zubin da ya yi wa aiki. Karanta wannan layin kafin a sauke yana ceton kuɗin data, musamman a taswirori da facin ƙwallo, waɗanda kan kai gigabait da dama.

Sannan a riƙa sa mod ɗaya ɗaya. Wanda ya zuba goma lokaci guda, wasa ya tsaya, bai san wanne zai zarga ba. A Euro Truck Simulator 2 ana ajiye fayil mai ƙarshen .scs a foldar mod da ke cikin Documents, a buɗe sabon suna na gwaji, a kunna shi daga cikin wasan. In mod biyu suka taɓa abu guda, na saman jeri ne ke rinjaye. In wasan ya rufe, akwai fayil mai suna game.log.txt da ke rubuta abin da ya faru, kuma layukan ƙarshe sukan ambaci sunan abin da ya kawo matsala. Mutane ƙalilan ne ke buɗe shi, alhali shi ne malami mafi kusa.

Aikin hannu na farko

Sauke na wasu mataki ne, yin na kai kuma wani matakin. Taswirar Euro Truck Simulator 2 ta Turai ce, amma babu abin da zai hana motar da ke cikinta ta yi kama da tirelolin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai, da launukansu da rubutun da ake yi a goshi ko a bayan mota. Yadda ake yi shi ne a samo samfurin jikin motar, wato hoton da aka shimfiɗa ɓangarorinta kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi kafin ya ɗinka. A buɗe shi a GIMP ko Paint.NET, dukansu kyauta ne, a yi zanen a wani rufi na daban a kan samfurin, sannan a adana shi a tsarin DDS, wanda shi wasan ke karantawa. Manhajar Mods Studio 2 tana haɗa sauran fayilolin da ake buƙata.

A nan ne mai koyo ke cin karo da ƙananan abubuwa masu koyarwa. Wani lokaci rubutun gefe ɗaya yakan fito a juye, saboda yadda aka naɗe hoton a jikin motar. Wanda zai rubuta Hausa kuma zai gano cewa ba kowane salon haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya nemi wanda ke da su, in ba haka ba akwati zai gani a madadin harafi.

Bayan hoto sai lambobi. Fayil ɗin .scs na mod galibi kunshi ne irin na zip, ana iya buɗe shi da 7-Zip. A ciki akwai fayiloli masu ƙarshen .sii, rubutu ne zalla da Notepad ke buɗewa. Sauya lamba ɗaya, kamar farashin wani abu, a koma wasa a ga sakamakon, shi ne karon farko da mutum ke fahimtar cewa wasa bayanai ne da aka jera. Mantawa da alama ɗaya ya isa ya hana fayil aiki, darasin da duk mai rubuta manhaja ya sani.

Inda haɗarin yake

Ba duk mod ne ɗaya ba. Hoto ko fayil na rubutu wasan ne kawai ke karanta su. Amma fayil mai ƙarshen .exe ko .dll ko .asi ko .jar manhaja ce da ke aiki a kan kwamfutar, tana iya yin duk abin da mai ita zai iya yi. Wasu kayan aiki na gaskiya, irin su CLEO na San Andreas da Script Hook V na GTA V, suna cikin wannan rukuni, don haka daga wurin masu su ake sauke su. Rigar ƙwallo ko fentin mota da ya zo a matsayin .exe, a bar shi. Ko manyan rumbuna ba su tsira ba: a watan Yunin 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da fractureiser a cikin wasu mod na Minecraft a CurseForge, tana satar kalmomin sirri. Duk da haka Steam Workshop da Nexus Mods sun fi aminci nesa ba kusa ba a kan mahaɗin da ake turawa a WhatsApp. Ana iya ɗora ƙaramin fayil a VirusTotal a duba shi kafin a buɗe.

A waya abin ya fi muni. Abin da ake tallatawa da sunan Mod APK, mai alkawarin kuɗin wasa marasa iyaka, manhaja ce da wani ya fasa ya sake haɗawa, ba a san me ya cusa a ciki ba. A ƙasar da MTN ta fara Mobile Money tun 2009, kuma wayar da ake wasa da ita sau da yawa ita ce ke riƙe da kuɗin ciniki ko na gida, wasan da ya nemi izinin karanta saƙonni bai cancanci a girka shi ba. Haka nan kwamfutar gidan wasa ko ta wani yaya, ba wurin gwaji ba ce sai da izinin mai ita.

Sai batun wasa da jama'a a intanet. Mod da ke ba mutum fifiko a kan abokan karawa maguɗi ne, kuma kamfanoni na rufe asusun wanda suka kama, har da abin da ya saya a ciki. Rockstar na kawar da kai ga kwaskwarimar GTA V a wasan mutum ɗaya, amma ba a GTA Online ba.

Ta fuskar doka, wasan mallakin kamfani ne, Ghana kuma tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005. Yadda kamfanoni ke kallon lamarin yana sauyawa. A 2017 Take-Two ya aika wa masu OpenIV takardar su dakata, sai da masu wasa suka yi ca sannan manhajar ta dawo. A 2023 kuma Rockstar ya saye rukunin da ke yin FiveM. Abin da ya fi jawo rigima shi ne sayar da mod da ke ɗauke da kayan kamfani ko tambarin ƙungiya. Tsakanin masu kwaskwarima kuwa, babban abin kunya shi ne ɗaukar aikin wani a goge sunansa.

Wanda ya wuce fenti yakan nufi Blender, manhajar kyauta ta ƙera siffofi, wadda SCS ya yi mata ƙarin kayan aiki na musamman. Da ita ake ƙera mota sukutum, ko da trotro ce mai zirga-zirga tsakanin Nima da Circle. Masu sha'awar rubuta umarni kuma sukan fara da Lua, harshen da Roblox da FiveM ke amfani da shi. Irin wannan ƙwarewar ce kamfanonin wasa ke nema, kuma akwai su a Accra: Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, yana gina wasanni da labaran zane a kan tatsuniyoyi da jaruman Afirka.