Tarihin Binciken Rabuwar Jinsin Halittu

Rabuwar jinsi ita ce yadda jinsin halitta guda, dabba ko tsiro, yake darewa gida biyu har ɓangarorin su daina hayayyafa da juna. Charles Darwin, ɗan Ingila, ya ziyarci tsibiran Galapagos a 1835, ya kuma fitar da littafinsa kan asalin jinsuna a 1859. Ya bayyana yadda muhalli ke tankaɗe halittu, wadda ta dace da wuri ta rayu ta bar zuriya. Sai dai bai gama warware yadda iri ɗaya ke komawa biyu ba, domin a zamaninsa ba a san sirrin gado ba. Binciken Gregor Mendel kan gado na 1866 ma sai a 1900 aka waiwaye shi.

Theodosius Dobzhansky a 1937 da Ernst Mayr a 1942 na cikin waɗanda suka haɗa ilimin gado da ra'ayin Darwin. A wajen Mayr, jinsi shi ne taron halittun da ke barbara a tsakaninsu, wani shinge kuma ya raba su da saura. Alfadari shaida ne: doki na da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) 64, jaki 62, ɗan da suka haɗu suka samar yana da 63, kuma galibi ba ya haihuwa.

Mayr ya dage cewa sai kogi ko tsauni ko teku ya shiga tsakani kafin jinsi ya rabu. Wani ɗan tafki a Kamaru ya girgiza wannan ra'ayi. Barombi Mbo, kusa da Kumba, ramin tsohon dutse ne mai aman wuta da ruwa ya cika, kuma a cikinsa akwai jinsuna 11 na dangin karfasa da babu su a ko'ina a duniya. Kowanne da abincinsa da zurfin da yake kiwo. Ɗaya ma soson ruwa yake ci. Binciken ƙwayoyin gado na 1994 ya nuna kakansu ɗaya, a cikin ruwa ɗaya suka rabu ba tare da wata katanga ba. Daga baya an gano cewa kifayen kogunan kusa sun ɗan cuɗanya da su, don haka har yau masana na ja-in-ja.

Abin takaici, sare dazuzzukan gefen tafkin da yawan kamun kifi sun jefa waɗannan kifaye cikin haɗarin ƙarewa, kuma in suka ƙare babu inda za a samo madadinsu.