Wasalin da Ke Cikin Jiki: Tarihin Gano Masu Yi wa RNA Alama



Watakila wani ya yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen sinadaran jiki. Hujjata ita ce, su kansu masanan wannan fanni, da suka tashi raɗa wa abin da suka gano suna, kalmomin sana'armu suka ara, watau marubuci, da mai gogewa, da mai karatu. Duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda ko Zurmi ya ga yadda malami ke aikin littafi: ya jera baƙaƙe da baƙar tawada, sa'an nan ya komo da ja ya bi su da wasali. Baƙin bai sāke ba, amma wasalin ne ke nuna yadda za a karanta shi.

To, a cikin kusan kowace ƙwayar rai ta jikin mutum, DNA ita ce uwar littafi, ba ta fita daga ɗakinta. Abin da ke fita shi ne kwafi, wanda ake kira RNA, mai baƙaƙe huɗu, A da C da G da U, shi ake kai wa maƙerar furotin. A kan wasu daga cikin baƙaƙen A akan liƙa wata 'yar alama mai suna metil, ƙwayar kabon ɗaya da haidirojin uku. Baƙin da ya sami wannan alama shi ake ce wa m6A.

A shekarar 1974 Fritz Rottman da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka suka ba da labarin wannan alama. Sai a 1997 Joseph Bokar, a ɗakin binciken Rottman, ya fito da asalin furotin ɗin da ke liƙa ta, wanda yanzu ake kira METTL3. Duk da haka, kusan shekara 40 daga ganin farko ba a mai da hankali a kanta sosai ba, kuma dalilin ya san mu mun san shi. Na'urorin karanta RNA na wancan lokaci ba su bambanta m6A da A tsirara, kamar dai tsofaffin keken rubutu na ofisoshin En'e, waɗanda ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinsu. An san alamar tana nan, amma ba a iya nuna wurin zamanta.

Al'amarin ya juya a 2011, sa'ad da Chuan He na Jami'ar Shikago da jama'arsa suka nuna cewa wani furotin mai suna FTO yana iya goge alamar. Abin da ake rubutawa ana gogewa lalle saƙo ne. A 2012 rukuni biyu, ɗaya a Tel Abib ɗaya a Niyok, suka fitar da taswirar wuraren alamar a dubban kwafe-kwafe, aka ga ta fi taruwa kusa da inda umarnin ƙera furotin yake ƙarewa. Ba da daɗewa ba aka gane ɗaya daga cikin ma'anoninta: akwai masu karatu, irin su YTHDF2, da in sun ga alamar sai su gaggauta kai kwafin wurin rushewa, don kada tsohon umarni ya ci gaba da aiki.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne sifar marubucin. A 2014 aka tabbatar METTL3 ba shi kaɗai yake aiki ba, a manne yake da wani mai kama da shi, METTL14, ga kuma WTAP mai kai su inda za su tsaya. Da farko an zaci tagwayen duka rubutu suke yi. Sai a 2016 rukuni uku, a Wuhan da Dalas da Zurik, kowa ya fitar da sifarsu ta hanyar haska su da eksire, aka ga aljihun tawada na METTL14 a toshe yake. Ashe METTL3 kaɗai ke riƙe da alƙalami. Aikin ɗan'uwansa shi ne ya tokare shi, ya kuma taya shi kama kwafin a kwarin da ke tsakaninsu. In aka raba su, marubucin da ƙyar yake iya ɗiga kome. An ga ɗan tayin ɓeran da aka cire masa METTL3 yana mutuwa tun a farkon ciki, an kuma ga wani irin sankarar jini ya dogara gare shi ƙwarai, har a 2021 masana a Kambirij suka bayyana sinadarin da ke toshe aljihun nasa.

Saura tawada, kuma nan zancen ya iso gida. Metil ɗin daga wani sinadari ake cirowa mai suna SAM, wanda Giulio Cantoni ya bayyana a farkon shekarun 1950. Jiki yana haɗa shi daga metiyonin, wanda sai an ci a abinci, yana kuma sabunta shi da taimakon folet da bitamin B12. Gero da dawa suna ba da metiyonin, wake da ganye suna ba da folet, B12 kuwa sai nono da nama da ƙwai. Fura da nono, da tuwo da miyar ganye, sun haɗa duka ukun tun kafin a san sunayensu.

Ba na cewa alamar m6A ce ke bayyana ramar yaro. Yunwa tana taɓa kome a jiki. Amma inda aka hana manomi gonarsa, aka kore wa makiyayi shanunsa, waɗannan abinci ne ke fara yankewa. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara suka auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin ɗari da tamowa. Abincin magani da ake ba wa waɗanda abin ya tsananta gare su ya ƙunshi garin madara da folet da B12, an kwaɓa su da niƙaƙƙiyar gyaɗa, irin wadda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga tashar Ƙaura bayan dogo ya iso garin a 1929.