Fumfunar da ta ci tantin sojoji



A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon, can cikin tekun Fasifik, sun rasa gane kan kayansu. Tantuna da kakin auduga sai ruɓewa suke yi. Da aka bincika, ashe wata fumfuna ce ke cin yadin. Daga baya ta isa ɗakin binciken soja da ke Natick, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarinta. Sunanta a yau Trichoderma reesei, don girmama Reese. Ni dai ina ganin an rage wa Mandels haƙƙinta.

Me fumfuna ta gani a jikin tanti? Auduga da karan masara da ƙaiƙayin shinkafa duk suna ɗauke da selulos, wato ƙwayoyin sukari da aka jera aka ɗaure tamau kamar carbi. Fumfunar tana fitar da sinadarin da ke tsinka zaren, sukarin ya zubo. In aka zuba masa yis sai ya zama etanol, wanda ake gauraya wa fetur.

Ba ita ta fara nuna hanyar ba. Tun 1819 wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya mayar da tsumma da garin katako sukari da asid irin na ruwan batir, kuma Jamusawa sun yi masana'antu a kan wannan dabara. Sai dai asid yana cinye tukwanen da ake aikin a ciki. Shi ya sa da man fetur ya yi tsada a 1973, hankali ya koma kan fumfunar.

Daga nan ne labarin ya ƙi daɗi. A 2015 kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'antar etanol daga karan masara a jihar Iowa. Zuwa 2017 an rufe ta. Kara ba shi da nauyi amma yana cin wuri, tattaro shi daga gonaki da adana shi kuɗi ne, ga fetur ya yi arha a lokacin.

A Brazil kuwa kamfanin Raízen ya ci gaba da nasa. Shi tuƙar rake yake sarrafawa, wadda dama tana jibge a harabar masana'antar sukari, ba sai an bi gona-gona ana nemanta ba.