Wa ke ƙirga mana marasa lafiya?

Jiya na bi ta France Road, na wuce gaban Asibitin Zana, sai 1996 ta faɗo mini a rai, shekarar sanƙarau. Sama da mutum dubu 100 suka kamu a Najeriya, fiye da dubu 11 suka rasu. Mun san adadin ne saboda akwai ma'aikatan da ke rubuta wa ya kamu, a ina, kuma yaushe.

To ku tuna Afrilun 2020. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa mutuwa ta yi yawa a Kano. Sai daga baya aka bi iyalai ana tambaya. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu, rabi ko fiye korona ce sila, yawanci dattawa masu fama da wata cuta tun tuni.

Nan fa gizo ke saƙar. Hawan jini da ciwon suga ba sa kururuwa irin ta annoba. Daga Fagge har Sabon Gari, wane layi ne babu mai shanyewar ɓarin jiki? Amma su nawa ne?

Tun 2008 ake horar da masu bin diddigin cututtuka a ABU Zariya. Iyaye, ba dole sai yaro ya riƙe allura ba. Mai ƙirgar nan ma rai yake ceto.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.