Kotar Bindiga: Daga Gizagon Masassaƙi Zuwa Katakon Liƙe

Kasuwa ce ta yi Jega. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a bakin gulbin Zamfara wajejen 1820, fatake daga Gwanja, Nufe da Ilori suka mai da shi zango, har ya zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. Goro da gishiri da tufafi aka fi ambata in ana wannan labari, alhali bindiga da albarushi ma ta hanyoyin kudu suka riƙa shigowa ƙasar Hausa. Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali a jikin bindigar nan shi ne kotarta, don ita ce ɓangaren da hannun mutanenmu ya fi taɓawa.

Bindigogin da Turawa ke sayarwa a bakin teku masu ƙyastu ne, ana ɗura musu albarushi ta baki, kuma da yawansu a Bamingaham ta Ingila aka ƙera su don kasuwar Afirka kawai. A taron Burasal na 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar mana tsoffin yayi. An ga sakamakon a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindiga mai ruwa, akasarinsu da takobi da mashi da baka.

Kotar waɗancan bindigogi icen banza ce, an shafe ta da jan fenti don ta burge mai saye. Ƙarfen kan yi shekaru, icen kuwa ya karye a wuya, daidai inda hannu ke kamawa. Nan masassaƙi ya samu shiga. Daga baya maƙera suka iya ƙera harba-ka-ruga ɗungurungum, sai sana'ar ta rabu biyu: ƙarfe na maƙeri, ice na masassaƙi.

Ina yaro na sha zama wurin wani dattijo a Sabon Garin Jega da ke yi wa maharba na wajen Aliero da Maiyama wannan aiki. Kanya ya fi so, in babu sai maɗaci. Ƙirya, in ji shi, ta turmi ce da gawayin maƙera, nauyinta ya fi ƙarfin mai kwana yana yawo a daji. Yakan jingine gungumen a zaure ya shekara bai taɓa shi ba. Wata rana na ce, "Baba, ga icce sabon sara, me zai hana ka yi da shi?" Ya ce, "Ɗana, ɗanyen icce maƙaryaci ne. Yau ya miƙe maka, hunturu na zuwa ya karkace." In maharbi ya zo, sai ya sa shi ya miƙa hannu, ya auna da igiya daga kafaɗa zuwa yatsa, sannan ya kama gizago. Yana bin jijiyar icen ne, don ta ratsa wuyan kotar a tsaye. Ƙarshe ya kankare da wuƙa, ya mulke da man kaɗe har ta yi ƙyalli. Sauran ado na maharbi ne: ɗaurin fata, wuri, da layun da ba a tambayar abin da ke ciki.

Kota ta biyu da mutanenmu suka sani ta soja ce. Waɗanda aka ɗiba zuwa yaƙin Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Lee-Enfield suka riƙe, mai cin harsashi 10, wadda 'yan sanda suka daɗe suna rataye da ita bayan samun 'yanci. Kotarta ma tsantsar ice ce, amma inji ya fere ta, awo ɗaya ga dogo da gajere sai ɗan bambanci a gindi. Ta sha wuya a ruwan Bama, don ice yana shan laima ya kumbura, ya danne ƙarfen, saiti ya kauce.

Jamusawa ne suka yi fice wajen neman mafita, kuma ƙarancin icen walnat, wanda aka saba yi da shi, ya tura su. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 suka fara yi wa bindigarsu K98k kota da siraran falle-fallen ice da aka liƙe da gam aka matse, dangin filawud ɗin kafintocinmu amma mai kauri da ƙarfi. Falle ɗaya in ya so karkacewa, na kusa da shi ya riƙe shi. Ba ta damu da damina ba, ba ta saurin tsagewa, kuma ba sai an jira ice mai kyau ya bushe ba. Aibinta nauyi. Rashawa suka bi sahu, har bindigar AKM da suka fito da ita a 1959 ta zo da irin wannan kota.

In ana batun juriya a ƙasa irin tamu, inda hunturu ke tsotse ice damina ta kumbura shi, katakon liƙe ya yi nasara, ba na musu. Sai dai kota ce da aka yi wa runduna, babu ruwanta da kafaɗar wani. In ta ɓare ba masassaƙin da zai gyara ta da gizago. Kuma ban iya kallonta da sanyin zuciya ba, don a hannun ɓarayin daji yawancin mutanen karkararmu suka fara ganin jan katakon AKM ɗin nan kusa da kusa.

Maharba sun ragu, namun daji sun ƙare, kanya da maɗaci ma sai an yi tafiya. Wanda ke da tsohuwar harba-ka-ruga ta kakansa a rataye, kada ya bari gara ta cinye kotar. Ya tuntuɓi gidan tarihi na Kanta a Argungu, kuma ya tambayi dattawan gidansu sunan masassaƙin da ya yi ta, a rubuta tun suna raye.