Tsuntsayen kaka a gonakin Badagishiri

Tsuntsayen kaka su ne waɗanda ake gani a gonakin kwarin Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa a Nijar, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin girbin gero da dawa da wake.

Wanda ya fi damun manomi shi ne jan baki. Ɗan mitsitsi ne, amma yana zuwa ne dubbai, kamar hayaƙi, ya sauka kan zangarniya tun hatsi bai bushe ba. Shi ya sa ake tura yara gona da sassafe, da majajjawa da gwangwanayen da aka rataya a igiya, su yi ta kaɗawa suna ihu. Dawar da ta makara a kwari ta fi shan wahala, don ita ke tsaye bayan an kai gero rumbu.

Shamuwa, wadda ta zo da ruwan farko, a wannan lokacin take barin sheƙarta ta nufi kudancin Afirka. Tana tafiya, baƙi daga Turai na isowa bayan sun ƙetare Sahara, cikinsu har da wani irin shaho mai shawagi ƙasa-ƙasa bisa kara yana farautar fara. Balbela kuwa tana bin shanun Fulani da aka saki a gonakin da aka gama girbi. Kurciya da hasbiya na kalar abin da ya zube a masussuka.

Ban da tsuntsaye, akwai dabbobin ƙasa a gonakin, amma ba su cika bayyana da rana ba. Kurege ne mai ƙarfin hali. Zomo da bushiya da gafiya sai dai a ga sawunsu a rairayi da safe.