Shawara da Sarauta a Ƙasar Barno

Birnin Yerwa, wanda duniya ta fi sani da Maiduguri, yaro ne idan aka jera shi da Kano ko Katsina, domin sai a shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinsa, bayan ya yi zama a Monguno da kuma Kukawa wadda ba ta farfaɗo daga ɓarnar Rabe ba. Amma sarautar da ya shigo da ita tsohuwa ce ƙwarai, gama ta gaji daular da gida guda, wato gidan Saifawa, ya riƙe fiye da shekara 700 cikin Musulunci, tun daga Njimi ta ƙasar Kanem har zuwa Birnin Gazargamu. Daular da ta yi irin wannan daɗewa ba ta rasa wata hikima da take tsare kanta da ita daga son zuciyar mutum ɗaya, kuma wanda ya bi sawun wannan hikima zai tarar da mas'alar da ta dami hukama'un Yunan tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ita ce dai ta dami mutanen bakin Tafkin Chadi: mutum nawa ne ke da baki a cikin al'amarin gari, kuma su wane ne?

Ƙasar Yunan a wancan zamani birane ce barjat, wajen dubu, kowanne da dokarsa da rundunarsa, kusan yadda Hausa Bakwai suka zauna kafin jihadi, don haka malamansu suka sami damar ganin kowane irin mulki da idonsu. Aristo ya kasa shi gida uku, na mutum ɗaya da na 'yan kaɗan da na jama'a, ya kuma ce kowanne yana da lafiyayye da gurɓatacce, ma'auninsa kuwa shi ne ko maslahar gari ake nema ko ta mai mulki. Isbarta ta haɗa sarakuna 2 a lokaci guda da dattawa 28 da wakilai 5 da ake zaɓa kowace shekara su sa ido a kan sarakunan. Atina kuwa ta fara da Solon, wanda a shekarar 594 kafin Miladiyya ya yafe basussukan da suka danne manoma, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Daga nan ta ɗanɗana mulkin kama-karya na Fisistaratus da 'ya'yansa, har aka kori na ƙarshensu a 510, sa'an nan Kilistanis ya zo da tsarin da ake ƙirga farkon dimokuraɗiyya daga gare shi. Manyan malamai ba su yi mata kyakkyawan zato ba. Aflatun bai yafe mata hukuncin kisan da ta yanke wa malaminsa Sukurat a 399 ba, Alfarabi kuma, wanda ya rasu a 950 Miladiyya, ya lissafa birnin jama'a a cikin biranen jahilci.

Wanda ya hangi Barno daga nesa sai ya ce mulkin mutum ɗaya ne tsantsa, kuma yana da hujja, tun da Ibn Battuta ya ba da labarin sarkin Barno mai suna Idris wanda ba ya bayyana ga mutane, ba ya yi musu magana sai ta bayan labule. Sai dai shi labule fuska biyu gare shi: yana ƙara wa sarki kwarjini, yana kuma miƙa al'amuran yau da kullum ga waɗanda ke wajensa. Waɗannan su ne manyan fada: Kaigama mai jan rundunar yaƙi, da Yarima, da Galadima wanda ya tsare yamma daga Nguru, da Ciroma, da manyan malamai irin su Talba da babban alƙali. A cikin gida kuma akwai Magira, uwar Mai, wato sarki, da Gumsu, uwargidansa, kowacce da ƙasarta da barorinta. Riwaya ta zo cewa Mai Biri, a ƙarni na 12, ya kashe ɓarawo alhali shari'a yanke hannu ta ce, sai mahaifiyarsa ta sa aka tsare shi. Ko da riwayar ta sha ado a bakin masu ba da ita, ta nuna abin da mutanen ƙasar suka ɗauka halal ne a yi wa sarkin da ya ƙetare haddi. Mai Idris Aloma, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Furtu ya rubuta, ya ƙarfafa alƙalai ya mayar da hukunci hannunsu, wanda hakan ragi ne ga ikon masu sarauta. A ma'aunin Aristo wannan mulkin mutum ɗaya ne da 'yan kaɗan suka yi masa takunkumi. A harshen fuƙaha'u kuwa waɗannan 'yan kaɗan su ne ahlul halli wal aƙdi, masu ɗaurewa da kwancewa, waɗanda mubaya'arsu ke tsayar da sarki. Kano ma ta san irin wannan tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ake jingina masa kafa Tara ta Kano.

A nan ne ya kamata a dakata, domin akwai wata dabara guda da Atina da Barno suka yi tarayya a cikinta ba tare da ɗaya ta ji labarin ɗaya ba. Kilistanis, a wajen shekarar 508 kafin Miladiyya, ya lura cewa ƙarfin manyan gidaje yana cikin dangi da yanki, kowane babba yana da jama'ar da ke bin sa saboda jini ko maƙwabtaka. Sai ya ajiye tsofaffin ƙabilu 4, ya ƙago sababbi 10, ya haɗa kowacce da unguwanni daga cikin birni da ƙauyuka daga bakin teku da wasu daga tsakiyar ƙasa, ta yadda masunci da manomi da ɗan kasuwar da ba su haɗa kaka ba suka wayi gari a ƙabila ɗaya; kowace ƙabila kuma tana ba da mutum 50, ta hanyar faɗuwar rabo, su zama majalisar 500 mai shirya abin da taron gari zai yanke. Barno kuwa tana da tsarin cima, wanda aka fi sanin filla-fillarsa a zamanin Shehunai: ana ba babban bafade garuruwa ya ci harajinsu, shi ne cima kura, amma ba a ba shi su a dunƙule, sai ɗaya nan ɗaya can, a tsakanin na abokan hamayyarsa, kuma wajibi ne ya zauna a babban birni a ƙarƙashin idon sarki, ya aika da yaronsa, cima gana, ya tsaya masa. Har ma akan raba tsakanin mai riƙon ƙasa da mai riƙon wata ƙabila ta makiyaya a duk inda take kiwo, sai ka ga mutum biyu suna da hannu a yanki ɗaya, kowanne yana tsaron ɗan'uwansa. Manufar a wuraren biyu ita ce kada wani babba ya tara ƙasa da jama'a wuri guda har ya gagara. Inda suka rabu shi ne wanda ya ci ribar warwatsawar: a Atina ikon da aka ƙwace daga manya ya gangara zuwa taron 'yan gari, a Barno kuwa ya hau zuwa gadon sarauta. Talakan Barno bai rasa komai ba, gama ƙasa tana da faɗi, kuma wanda cima ya matsa masa yakan kwashe iyalinsa ya koma ƙarƙashin wani, sai dai wannan ikon tashi ne, bai kai ikon zama a yi shawara da shi ba.

Jarrabawar wannan tsari ta zo a 1808, lokacin da jama'ar jihadi suka ci Gazargamu, aka nemi taimakon wani malami, Muhammadul Amin Alkanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Fadawa sun nuna har yanzu wuƙa na hannunsu da suka tuɓe Mai Dunama suka naɗa Muhammadu Ngileruma, amma da Shehu Laminu ya mayar da Dunama bisa gado, kowa ya gane cewa ɗaurewa da kwancewa sun bar tsohuwar fada. Ya gina Kukawa a 1814, ya kewaye kansa da abokan gwagwarmayarsa, irin su Alhaji Sudani da malaman Shuwa uku, Muhammadu Tirab da Ibrahim Wadaima da Ahmadu Gonimi, mutanen da ilimi da amana suka kawo su, ba gadon sarauta ba. Shekara talatin da ɗoriya Barno tana da fada biyu, ɗaya da suna da tambura, ɗaya da dawaki da baitulmali, har ɗansa Shehu Umar ya kawo ƙarshen Saifawa a 1846. Abin takaici, 'ya'yan waɗannan abokai sun gaji kujerun ubanninsu ba tare da sun gaji nauyin bakinsu ba, kuma da Bajamushe Nachtigal ya iso Kukawa a 1870 ya tarar da majalisar da ake kira nokena tana zama kullum safiya, da 'ya'yan sarki da fadawa da kacalloli, amma al'amari yana hannun duk wanda ya mallaki kunnen Shehu a wannan lokaci. Sai da Rabe ya karya rundunar Shehu Hashimi a 1893 manya suka tuna da haƙƙinsu na dā, suka yi wa Kyari mubaya'a, a lokacin kuwa Kukawa ta riga ta zama toka.

Da Turawa suka zo, sai suka tattara garuruwan cima suka mayar da su gundumomi dunƙulallu, suka umarci kowane hakimi ya bar fada ya tafi ya zauna a ƙasarsa, da lawanai da bulamomi a ƙarƙashinsa, wato suka warware tsohuwar dabarar daga tushe. Suka kuma naɗa sarki shi kaɗai ya zama En'e, majalisarsa ta koma mai ba da shawarar da ba dole a karɓa ba, sai sarki ya fi kakanninsa iko a kan fadawa, ya kuma fi su rauni a gaban Razdan. Wannan ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soka a Majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950, kuma a 1952 doka ta wajabta wa sarki yin aiki tare da majalisarsa. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, aka kuma bar wa En'e damar cusa nata mutane a hawan ƙarshe, don haka muryar talaka takan dushe kafin ta isa Kaduna.

Yerwa ta haifi mutum biyu da suka tsaya a gaɓa biyu na wannan kogi. Shettima Kashim Ibrahim, malamin makaranta, ya zaɓi gyara daga ciki, ya riƙe wazircin Barno a zamanin Shehu Sanda Kyarimi, ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Ibrahim Imam kuwa ya kai matsayin babban sakataren Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya ajiye muƙamin a 1954, shekarar da aka kafa jam'iyyar samarin Barno, BYM, wadda daga baya ya zama ubanta. A zaɓen 1956, cikin ƙawance da NEPU, suka ci kujeru 2, ya zama jagoran adawa a Majalisar Arewa. Kada a ɗauka takara ce ta daidai wa daida, domin kotun alƙali da ɗan doka da gidan yari da izinin yin lacca duk suna hannun En'e, kuma bayan tarzomar da ta auku a Maiduguri a 1958 zama ya yi wa 'yan adawa wuya ainun, har a 1961 sai a ƙasar Tibi, da taimakon Joseph Tarka, Ibrahim Imam ya sami kujerar komawa majalisa. Zaɓen 1959 ne ya ba kowane baligi namiji na Arewa takardarsa ya jefa a asirce. Mata kuwa sai a 1976, shekarar da aka yanke Jihar Barno, aka buɗe musu wannan ƙofa, a ƙasar da Magira ta taɓa tsare sarki. Mu kuwa ba mu da bakin yi wa Atina gori, ita da ta ware mata da bayi da baƙi, ta bar shawara a hannun tsirarun mazaunanta.

A 1979 mutanen Barno suka juya wa jam'iyyar da ta ci tarayya baya, suka zaɓi Muhammadu Goni na jam'iyyar GNPP ya zama gwamna. Ba a yi wata huɗu da rantsar da shi ba sai tsohuwar mas'alar ta dawo da sabuwar riga. Mutanen Atina suna da al'adar korar ɗan siyasar da suke tsoron ƙarfinsa, su rubuta sunansa a kan tsingaro, in tsingaron ya kai 6,000 wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10, ba a taɓa dukiyarsa ba, ba a kuma ce shi ba ɗan gari ba ne. A watan Janairu na 1980 sa hannun minista guda ya wadatar: jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Barno, suka tsallakar da shi zuwa Chadi bisa da'awar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Da dokar Firikilis ta Atina, ta shekarar 451 kafin Miladiyya, aka bi, wadda ta shar'anta sai uwa da uba duka 'yan gari ne, da da'awar ta sami abin kamawa. Amma tsarin mulkin 1979 ya wadatu da ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu a kan asalinsa, ta yanke cewa ɗan Nijeriya ne, ta soke takardar korar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, ya dawo gida ya ci gaba da zama a Yerwa.